Daga 'Yan Dako zuwa 'Yan Kwangila: Guzurin Sojan Nijeriya a Ƙasashen Waje

Littattafan tarihin soja sun cika da sunayen fagagen fama, amma wanda ya kai wa soja abinci da harsashi da wuya a ambace shi. Ko yawan 'yan dakon da Turawan mulkin mallaka suka kwasa, marubuta ba su daidaita a kai ba.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ba kamfani aka ba aikin ba. Razdan zai faɗa wa sarki adadin mazan da ake so, sarki ya ɗora wa hakimai, su kuma dagatai. Rundunar Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe ta sauka Darussalam, a Gabashin Afirka, a Disambar 1916. Da damina ta kankama a farkon 1917, kogin Rufiji ya cika, hanyoyi suka yanke, sojoji suka yi watanni ba sa samun cikakken rabon abinci. Inda lissafin ya ɓaci shi ne, ɗan dako ma ciki gare shi. In tafiya ta yi nisa, kayan da ke kansa da kyar suke ciyar da shi kaɗai.

A ƙasar Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1943 zuwa 1945, an gyara tsarin. An sa wa masu dako kaki, aka mai da su rukuni cikin Runduna ta 81 da ta 82. A kwarin Kaladan jirgin sama ke jefo buhuna, su kuma su ɗauka a ka su ratsa dajin da mota ba ta shiga. A nan ne kwamanda ya fi samun abin da yake so, don mai kayan ƙarƙashin odarsa yake.

Bayan 'yancin kai aikin ya koma hannun sashen sufuri da guzuri na soja, wanda Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya riƙe na wucin gadi a 1974 zuwa 1975.

ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma da sojojin Nijeriya ke ciki, ta sauka Monrobiya a Agustan 1990, ƙarancin motoci da na'urorin sadarwa ya yi ta ɗaure mata ƙafa. Daga 1996 Amurka ta ɗauki kamfanin PAE ya tallafa mata. Shi ne kuma ya gina sansanonin rundunar Tarayyar Afirka a Darfur daga 2004. Sai dai mai kwangila umurnin mai biyansa yake bi, mai biyan kuwa yana Washington. Kwamandan rundunar da ke Al-Fashir ta Darfur ba shi ya sa hannu a takardar ba. A ƙarshen Satumban 2007 'yan tawaye suka murƙushe sansanin Haskanita, yawancin waɗanda aka kashe 'yan Nijeriya ne. A watan da ya biyo baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba PAE kwangilar dala miliyan 250 ta sababbin sansanoni ba tare da gasa ba, abin da ya jawo ƙorafi daga ƙasashe mambobi.