Malamin Yaƙi na Dauran

A Dauran ba wanda ke kiran sunansa na yanka. In aka ce Malamin Yaƙi, kowa ya san wanda ake nufi, ko da yake bai taɓa riƙe makamin da ya wuce alli ba. Ni ne yaron da ke ɗaukar masa baƙin allo a ka, daga zaurensa zuwa gindin tsamiya, kullum bayan la'asar. Da labarin rasuwarsa ya iso mini, na ga ya zama hakki a kaina in rubuta abin da na sani na aikin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai.

Tun 1946 aka fara gwada ajin manya a wasu garuruwan Arewa, amma abin bai yi ƙarfi ba sai bayan 1950, shekarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Daga nan aka ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, hedkwata na Zariya, Alhaji Ahmadu Coomassie na cikin jagororinta. Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, tamu ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. A ƙauyuka kuwa, wanda ya ɗan taɓa elemantare ake ɗauka, a yi masa kwas, a ba shi allo da rajista. Ta nan Malam ya shigo.

Sai dai ba don jarida iyayenmu suka zauna a gabansa ba. Sikeli ne ya kai su. Tun da dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Shinkafi can suke nufa. Mutum ya yi noma damina guda, ya ɗora wa jaki, ya je ya tsaya gaban akawu yana kallon allurar sikeli na motsi, bai san abin da ta ce ba. Abin da aka rubuta, shi zai karɓa. Haka takardar haraji, haka ta jangali. Mahaifina ya sha ba mu labarin ranar da ya dawo daga wurin awo ransa a ɓace, ya tabbata an ƙware shi amma ba shi da bakin musu. Washegari ya je aji.

Malam ya gane wannan sarai, shi ya sa da lamba yake farawa kafin baƙi. Sai ya zana fuskar sikeli a allo, ya ce wa ɗalibi ya karanta. Babban abin da ya yi fama da shi kuwa kunya ce. Magidanci mai furfura, mai surukai, ya zauna kan buzu yana maimaita a, e, i, yara na leƙe ta bayan danga! Wasu kuma na ganin boko hanyar barin addini ce. Bai taɓa yi musu gardama ba. Yawancinsu sun yi makarantar allo, sun san ajami, sai ya rubuta sunan mutum da ajami, ya sake rubuta shi da boko a ƙasa. Na ji shi da kunnena yana ce wa wani dattijo, "Baba, kai da ka san baƙi da wasali tun ba a haife ni ba, mi zai gagare ka nan?" Bai taɓa tsayuwa a kan dattijo ba, durƙusawa yake yi gefensa ya kama masa fensir. Har yau ban ga dabarar koyarwa da ta fi wannan ladabin aiki ba.

Da rani ake aji, ruwa na sauka kowa ya koma gona, in kaka ta wuce a dawo a tarar rabin karatun ya zube. Bai gajiya da sake farawa. Mata kuwa uwargidansa ce ke tara su a cikin gida, da littafin Ka Koyi Karatu guda ɗaya da ke zagayawa hannu zuwa hannu.

Ajin da ban taɓa ganin irin cikarsa ba shi ne na canjin kuɗi, a farkon 1973. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule mai kwabo goma sha biyu ya koma kwabo goma, kawunan mutane suka ɗaure. Mahauta, 'yan koli, Fulani daga ruga, duk suka cika gindin tsamiya, sai da aka kunna fitila aka ci gaba har bayan isha'i.

Bayan haka aikin ya yi ta tashi yana faɗuwa. An rushe En'e a 1976, hankalin hukuma ya koma kan makarantun firamare na UPE, Shugaba Shehu Shagari ya sake ƙaddamar da yaƙin a 1982, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Da alawus da babu, Malam na nan bayan la'asar. Abin da ya tashe shi daga ƙarshe rashin tsaron da ya addabi ƙasarmu ne, lokacin da taron mutum goma a fili ya zama abin tsoro. 'Ya'yansa suka mayar da shi Ƙaura, can kuma ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa alli ya zama shaida a gare shi.

Da na je ta'aziyya, babban ɗansa ya ce, "Yaya, Baba ya bar maka saƙo." Tsohuwar rajista ce, gara ta ci gefenta. A shafukan farko, gaban kowane suna dangwalen yatsa ne. Na yi ta buɗawa a hankali har na kai shafi na tara, inda na tarar da sunan mahaifina da rubutun hannunsa, baƙaƙen manya-manya, sun karkace sun haura layi.