Gidan Bohr a Titin Blegdamsvej

A 1916, lokacin da Jami'ar Kofanhegan ta ba Niels Bohr kujerar farfesa, sunansa ya riga ya zagaye Turai saboda bayanin da ya yi a 1913 kan yadda ƙwayar zarra take a gine. Amma wurin aikinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne na aro, yana matse ciki shi da mataimakinsa Hendrik Kramers, ɗan ƙasar Holan. A 1917 ya nemi a gina masa cibiya. Majalisar Denmak ta amince, wani abokinsa tun makaranta, Aage Berleme, ya bi masu hannu da shuni ya haɗo kuɗin fili. Ranar 3 ga Maris 1921 aka buɗe Cibiyar Nazarin Ka'idojin Fiziks.

Ginin ba wani babba ba ne, Bohr da iyalinsa ma a samansa suka fara zama. Abin da ya ɗaga shi, a ganina, halin mai gidan ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, ana ƙin gayyatar masanan Jamus taruka, shi kuwa ya buɗe ƙofa ga kowa. Tunaninsa ba ya nuna sai yana magana, don haka yakan riƙe ɗalibi a gaban allo, su yi ta juya tambaya ɗaya har dare, kuma yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai na iya ce masa ya yi kuskure. A wannan gida Heisenberg ya fitar da ka'idar rashin tabbas a 1927. Pauli da Dirac da Landau da Nishina na Japan duk sun sha ruwan gidan. A nan aka gano sinadarin hafniyam, aka raɗa masa sunan birnin da Latin.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a Jamus, gidan ya zama mafakar masanan da aka kora. Da suka mamaye Denmak a 1940, wani masanin cibiyar, Hevesy, ya narkar da lambobin Nobel na zinariya na masanan Jamus von Laue da Franck cikin ruwan asid don kada a ƙwace su. Bohr kansa ya tsere Suwidin a 1943, ya dawo a 1945.

Ya rasu a 1962, ɗansa Aage ya gaje shi. Ranar 7 ga Oktoba 1965, wadda da Niels Bohr yana raye da ya cika shekara 80, aka sa wa cibiyar sunansa.