Aikin Tsaron Littattafai a Ƙasar Gwandu da Kabi

A ƙasar Gwandu da Kabi, mai tsaron littafi da mai karantar da shi mutum ɗaya ne tun asali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kebbi a 1805 kuma ya zauna Gwandu, ya bar littattafai masu yawa, har da tafsirinsa Diya'ut Ta'wili. Almajirai ke kwafe su da alƙalamin kara da tawada a kan warƙoƙi marasa ɗinki, a naɗe cikin tadarishi, a zura a gafaka, a rataye a bango don gudun gara da laima. Malam ya san inda kowane kundi yake, ya san wanda ya ara, shi ne kuma zai zauna kan buzu ya biya wa ɗalibi.

Zuwan boko ya raba ayyukan biyu, aka ɗauki ma'aikacin laburare tamkar akawu mai jera littattafai. Sana'ar ta fara samun daraja a Arewa ne a 1968, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da ita har matakin digiri. Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ta sa wa babban laburarenta sunan Abdullahi Fodiyo, kuma sunan ya dace.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, guraben aiki suka ƙaru a gida: Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, jami'ar jiha a Aliero a 2006, sai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013. Wata doka ta 1995 kuma ta kafa hukumar yi wa masu sana'ar rajista.

Yau ma'aikacin laburaren jami'a cikin malamai ake lissafa shi. Yana koya wa sababbin ɗalibai yadda ake neman littafi da binciken intanet, ba ya kuma samun ƙarin girma sai ya wallafa bincike ya ƙaro karatu, galibi har digiri na uku. Ƙololuwar aikin ita ce shugabancin laburare, ɗaya daga manyan muƙaman jami'a, mai wa'adin shekara 5. Aikin da ya rage, mai nauyi kuwa, shi ne tattara bayanan rubuce-rubucen hannu da ke gidajen malamai a Gwandu da kewayenta, da ɗaukar hotunansu kafin su lalace.