Kwanson Harsashi da Kufan Bariki: Kayan Zamanin Nasara a Ƙasar Kurfai

Zinariya ce ta sa na'urar gano ƙarfe ta yi suna a Nijar. A shekarar 2014, da labari ya bazu cewa an dace da zinariya a Jado, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, dubban matasa suka nausa arewa, da yawansu riƙe da wannan sanda mai faifai a ƙasa, wadda ake shigowa da ita ta Sudan da Cadi. Faifan nan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai na'urar ta yi kuka a kunnen mai ita. Ƙaramin abu kamar kwabo takan jiyo shi a zurfin da bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. To amma ƙasar Nijar ba zinariya kaɗai ta haɗiye ba, kuma na'urar da ta shiga hannun jama'a ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Shi ya sa ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su san abin da za ta iya tonowa a wuri irin ƙasar Kurfai, tun kafin mai sayen tsohon ƙarfe ya riga su.

Filinge, babban garin Kurfai, tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Ƙasa ce ta kan iyaka tun asali: Kurfayawa masu jin Hausa, ga Zabarmawa a kudu da yamma, ga Abzinawa da garkunansu a arewa. Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20 sai suka kafa bariki a nan, suka kuma jingina mulkinsu da Mayaƙi Gado Namalaya, wanda suka ɗora a kan ƙasar. Daga nan zuwa 3 ga Agusta 1960 an yi kusan shekaru sittin ana karɓar haraji, ana ɗibar soja, ana tura mutane aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar ƙarfensa a ƙasa.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne na 1916. A farkon wannan shekara, Faransa na tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Firhun, shugaban Abzinawan Iwillimmidan na yamma, ya tsere daga tsarewar da aka yi masa a Gawo, ya tara mayaƙa. Rundunarsa ta kawo wa Filinge hari, aka kore ta. A watan Mayu aka fatattake ta a Andarambukan, kan iyakar Mali ta yanzu, shi kuma Firhun aka kashe shi a watan Yuni. Abin da aka rubuta game da wannan karo hafsoshin Faransa ne suka rubuta shi, kuma hafsan da ke aika rahoto ga na gaba da shi ba ya rasa dalilin kambama abokin gaba da gyara nasa aikin. Abin da aka riƙe da ka yana bakin tsofaffi da maroƙa, su ma kowa da gidan da yake yi wa waƙa. Shaida ta uku ita ce ƙasar kanta, wadda ba ta da ubangida.

Ita wannan shaida, sai an iya karatunta. Kwanson harsashi shi ne ya fi saurin magana. Bindigar Gras ta 1874 harsashinta kauri gare shi, milimita 11, da kan dalma, baƙin albarushi kuma take ci. Bindigar Lebel ta 1886, da ta Berthier da aka ƙera wa sojojin Afirka a 1907, harsashinsu milimita 8 ne. A gindin kwanson Faransa akwai haruffan masana'anta da lambobin shekarar da aka yi shi. Sai dai a nan ne gaggawa take kayar da mutum: shekarar ƙira daban, ranar harbi daban. Tsofaffin bindigogin Gras sun daɗe a hannun masu gadi da mafarauta bayan soja sun bar su, don haka kwanso guda da aka tsinta a gona yana iya zama na wanda ya harbi barewa shekaru talatin bayan yaƙin. Maɓallin tagulla mai hoton ƙugiyar jirgin ruwa alamar rundunar mulkin mallaka ce. Su kuwa mutanen Firhun, galibinsu takobi da mashi da garkuwa suka riƙa, saboda haka sawunsu a ƙasa tsinin mashi ne, da guntun linzami, da likkafa.

Kuɗi ma suna da nasu labarin. Akan tsinci santim ɗin Faransa masu huda a tsakiya, da faran na alminiyon mai kan barewa da aka fara bugawa a 1948, bayan an ƙirƙiro kuɗin sefa a watan Disamba 1945. Anini da kwabon Ingila masu huda, idan suka ɓulla a tsohuwar kasuwa, suna nuna hanyar fatake da ƴan cin rani zuwa Sakkwato da Kano. Wani abin sha'awa, akwai kuɗin da ya ɓace a hannu amma ya zauna a baki: har yau Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga, faran biyar kenan, sunan da ya samo asali daga tsohon kuɗin azurfa na Mariya Tareza.

Amma duk wannan sani ragagge ne idan ba a san inda abu ya kwanta ba. Wani misali daga Amurka ya isa ya nuna hakan. A filin Little Bighorn, inda ƴan asalin ƙasar suka hallaka rundunar Kasta a 1876, gobarar daji ta share ciyawa a 1983. A 1984 da 1985 masana irin su Douglas Scott da Richard Fox suka jera masu na'urar gano ƙarfe suna taka filin sahu-sahu, duk abin da aka ji sai a kafa masa tuta, a auna mazauninsa a taswira kafin a ɗaga shi. Da yake kowace bindiga tana barin tabonta na daban a gindin kwanso, sai aka iya bin sawun bindiga guda daga wannan tudu zuwa wancan, har aka ga inda layin soja ya watse. Da a ce an kwashe waɗannan kwansaye an zuba a buhu ɗaya, da abin da ya rage kilo kaɗan ne na tagulla. Haka abin yake ga Filinge: kwansaye ashirin a jere a bakin tudu suna faɗin inda masu harbi suka durƙusa da inda suka fuskanta, ashirin ɗin nan a aljihun yaro ba su faɗin kome.

Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan asara a cikin jihar Tilaberi kanta. A Bura, yankin Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta mai tukwane da gumakan yumɓu a 1975, Bube Gado na cibiyar IRSH ya yi tono na ilimi a 1983. Da kayan suka yi suna a Turai sai masu haƙar dare suka afka wa kufan yankin a shekarun 1990, har ta kai ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta hana tonon kayan tarihi ba da izinin hukuma ba, ta kuma wajabta sanar da abin da aka tsinta bisa tsautsayi. Faransa kanta tun 1989 ta ɗaure amfani da na'urar wajen neman kayan tarihi da izini. Ingila ta bi wata hanya: daga 1997 ta buɗe rajistar da mai tsintuwa zai kai abinsa a rubuta. Wannan dabara ta rajista ita ce ta fi dacewa da ƙarfin makarantar ƙauye, domin littafi da alƙalami kawai take buƙata.

Galibin abin da ke fitowa, a gaskiya, ba na'ura ke fito da shi ba; hauya ce, da zaizayar damina, da masu haƙar rijiya. Abu na farko shi ne a rubuta rana, da gonar da aka same shi, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi, a ɗauki hoto kafin a motsa shi, sannan a tambayi dattawa sunan wurin da abin da aka ce ya faru a can. Na biyu, a ƙyale shi da dattinsa. Tsamiya da toka da yashi, waɗanda ke sa tasa ƙyalli, suna cinye rubutun da ke jikin kwabo; saka ƙarfe a wuta don kakkaɓe tsatsa kuwa kashe shi ne. Ƙarfen da ya daɗe a ƙasa mai gishiri ko kanwa, irin ta wasu sassan kwarin, yakan fara farfashewa da zarar ya sha iska mai laima, don haka a ajiye shi a busasshen wuri, kowane da takardarsa. Koren gari mai laushi a jikin tagulla ciwo ne mai ci, mai shi sai a ware shi a nemi shawarar IRSH ko Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Harsashin da bai tashi ba, ko wani dunƙulen ƙarfe da ba a gane ba, ba a taɓa shi, jami'an tsaro ake kira. A yankin da ya sha fama da tashin hankali tun wajen 2017, ba kowane ƙarfe da ke binne ne tsoho ba.

Akwai kuma abin da na'urar ba za ta taɓa ji ba. Wuri, wanda talaka ya yi ciniki da shi kafin faran, ba ƙarfe ba ne. Haka nan babban martanin da Kurfai ta mayar wa mulkin Nasara. A wajen 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wata mace mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon soja da hafsoshin Faransa, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Mabiyanta suka bijire wa Gado Namalaya, kwamandan Yamai mai suna Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare, su kuma suka mayar da shi ɗaya daga cikin iskokin, Mugun Kwamanda. Ƴan ci-rani suka kai al'adar har Ankara ta Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim ɗinsa da ya fito a 1955. Bindigogin da ƴan Hauka suke fareti da su na itace ne, kuma wanda aka yar a dajin Kurfai gara ta daɗe da cinye shi.