Tukubar Mai Tsire da Teburin Gidan Abinci a Kano

Ranar Asabar bayan an idar da sallar isha'i, samun wurin ajiye mota a gaban manyan gidajen abincin titin Gidan Zu ko na cikin Nassarawa sai an sha wuya. Magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa an haɗa musu tebur biyu, samari sun yi cincirindo a gaban mai gashi, yaran gidan suna ta kai da kawo da farantai, ana kiran su ta ko'ina. Dattawa da dama in suka ga haka sai su girgiza kai, su ce ɗabi'ar jiya-jiya ce da aka kwaso daga Legas da Dubai. Ni jikan mahauta ne, a Fagge na tashi, kuma a ganina rabin maganar tasu ce gaskiya. Gasa nama a sayar wa mutum ya ci nan take tsohon abu ne a garin nan. Abin da ya sake shi ne waɗanda suke zama su ci, da waɗanda suke zuwa da su.

A watan Janairun 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Kano ta hanyar Borno, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya zagaya Kasuwar Kurmi, wadda tun lokacin ta daɗe da tsufa, domin tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ake cin ta. A littafin tafiyar da aka buga a 1826 ya ba da labarin abin da ya gani kusa da rumfunan mahauta: an hura wutar itace a fili, an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa ƙananan yankan nama, tsoka na bin kitse. Ya yaba tsabtar wurin. Ya kuma ce mace ce ke sallamar masu saye, ta ɗora faifai a gwiwa, su kuma sun tsuguna kewaye da ita suna ci.

Duk wanda ya tashi a gidan fawa zai gane abin da Baturen nan ya gani. Tukuba ce. Tudun toka da ƙasa ne da ake tarawa, a hura wuta a tsakiya, a kakkafa tsinkaye a gefe suna fuskantar wutar ba tare da harshenta ya taɓa naman ba. Zafi ne ke dafa shi a hankali, mai gashi yana juya tsinke ɗaya bayan ɗaya yana yayyafa mai. Shekara ɗari biyu ke nan, kuma haka na tarar kakana yana yi. Maganar macen ce ta fi tsaya mini a rai, domin a zamanin da na yi wayo ba a ganin mace a bakin tukuba, sana'ar ta zama ta maza zalla.

To su wane ne ke tsugune a gaban faifan nan? Ba magidantan birni ba ne. Bahaushe mai iyali yana jin kunyar a gan shi yana tauna a bainar jama'a, malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum muru'a, har ya iya shafar karɓar shaidarsa in ba ɗan kasuwar ba ne. Magidanci a zaure yake cin abincinsa, ko a ƙofar gida bayan magariba, inda kowane maƙwabci zai sa a fito da akushinsa a haɗa a yi ciyayya. Wanda duk ya zo wucewa a ce masa bisimilla. In aka ga mai mata yana sayen tuwo a waje, kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka cewa uwargida ta yi yaji. Saboda haka masu ci a kasuwa baƙi ne: fatake da suka sauke kaya, mutanen ƙauye da suka kawo hatsi ko dabba, 'yan dako, gardawa, da gwauraye. Manyan fatake ma ba su cika buƙatar hakan ba, don fatoman da ya sauke su shi ke ɗauke musu abinci.

Amma kada a ɗauka garin ba ya sayen dafaffen abinci. Yana saye ƙwarai, sai dai kicin ɗin a ɓoye yake. Matan aure da ke cikin kulle su ne ke soya ƙosai da waina, su yi ɗanwake da alala da fura, su ɗora wa 'yan mata talla a bi lungu-lungu. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu musamman a kan wannan ciniki na cikin gida da idon baƙo ba ya gani, Enid Schildkrout kuma ta bi diddigin 'yan tallar birnin Kano a shekarun 1970. Da ribar wannan ciniki iyaye mata suka yi ta tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Abinci ne ke zuwa wurin mai ci, ba mai ci ke zuwa wurin abinci ba.

Tsire kuwa matsayinsa daban. Babban mutum ba ya jin nauyin tsayawa wurin mai tsire, muddin naɗe masa za a yi ya tafi da shi. Tsarabar dare ce. Miji ya shigo da ƙunshi a hannu, a tashi yara daga barci a ba kowa yanka ɗaya. Ango ba ya shiga ɗakin amarya hannu rabbana, sai da gasasshiyar kaza. Mai jego ana yi mata gashi ta ci da yaji, ta bi da kunun kanwa. Na ga lokacin da ake naɗi da takardar buhun siminti, daga baya aka koma tsohuwar jarida, kuma har yau akwai dattijon da ba ya jin ya ci tsire in mai bai huda takarda ya fito ba.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Garin da ke son naman nan haka bai ba masu yin sa girman da ya kamata ba. Mahauta suna da sarautarsu ta Sarkin Fawa, suna da kiɗansu na kalangu, suna da hawan ƙaho da ke tara jama'a, amma in maganar aure ta taso sai a fara bincike, a ce ai gidan fawa ne. Na san 'yan uwa da aka hana aure a kan wannan kaɗai, mutanen da ba su taɓa cin haƙƙin kowa ba, waɗanda ke tashi tun kafin assalatu su tafi kwata. Abin yana yi mini ciwo har yanzu.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya lissafi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe a shekarar da ta biyo, aka kuma yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka taho daga kudu. Gari ya cika da mutanen da ke da kuɗin aiki a aljihu amma babu mai dafa musu: leburorin da ke ɗora buhunan dalar gyada, ma'aikatan reluwe, masinjoji, direbobi. Gyadar da ta yawaita ta sa ƙuli-ƙuli da man gyada suka yi araha, su ne kuwa jigon tsire. Garin ƙuli ake haɗawa da citta da masoro da kanumfari da barkono da gishiri, kowane gida da nasa awon da ba ya faɗa wa kowa. Hutun ƙarshen mako ma a wannan zamanin ya shigo. Da can daren Juma'a ne daren da aka sani, shi ne na yin girki mai kyau da sadaka. Ofisoshin Turawa da kamfanoninsu ne suka mai da Lahadi ranar hutu, sai Asabar da daddare ta zama lokacin da mai albashi ke iya kaiwa dare a waje.

Sai kuma silima. An buɗe Rex a 1937, Palace a cikin birni a 1951, ga Plaza a Fagge da Orion a Ƙofar Wambai. Duk inda aka tara ɗaruruwan samari har tsakar dare, mai shayi zai kafa teburinsa da burodi da ƙwai, mai tsire zai tara tukubarsa. A nan na fara sanin sana'ar da hannuna, cikin shekarun 1980, ina yanka wa baffana albasa ina yaga masa takarda. Kafin a tashi daga fim wurin shiru yake, da an buɗe ƙofa kuwa sai ka rasa wanda za ka saurara. Baffa ba ya ɗaga murya. Zai yanko ɗan ƙarami ya miƙa a bakin wuƙa, ya ce, "Ɗanɗana ka ji, Malam. Na nawa za a sa?" In mutum ya manyanta sai ya ce, "Alhaji, a naɗe ko?" Bai taɓa tambayar dattijo ko a nan zai ci ba, don ya san tambayar kanta rashin ladabi ce. Samari ne ke ci a tsaye, wasu su sayo gurasa a barbaɗa mata ƙuli da mai a haɗa.

A wannan tsakanin sana'ar ta bi shanu ta yi kudu. Inda duk Hausawa suka kafa zango, daga Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916 zuwa Obalende da Agege a Legas, daga zangunan Kumasi da Nima ta Ankara zuwa unguwar Briketeri a Yawunde, akwai mai gashi a bakin titi. A Sudan ma agashe sananne ne. Mutanen can ba su da wannan kunyar ta ci a waje, sun riga mu sa kujera a gaban wuta.

A gida kuwa gidajen tuwo na tashoshin mota ne suka fara ajiye benci da labule. Yawancin masu su zawarawa ne da ke ciyar da 'ya'yansu da guminsu, suka kuma sha baƙar magana a kan haka ba tare da laifin komai ba. Manyan otal irin su Central da Daula, da gidajen abincin Kwarori da 'yan Sin, a lokacin na Turawa ne da manyan ma'aikata, talaka ba ya leƙawa. Abin da ya buɗe ƙofa ga iyali shi ne gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda Mr Bigg's ya fara a Legas a 1986 ya kuma bazu a manyan garuruwa. Wuri ne mai haske, babu giya, mutum zai iya kai matarsa ba a ce komai ba. 'Yan kasuwar gari suka ga haka suka buɗe nasu, suka sa tuwon shinkafa da miyar taushe da masa da farfesun kayan ciki a jerin abinci, kusa da shawarma da soyayyiyar shinkafa.

Ba na jin kwaikwayo kaɗai ne ya cika waɗannan tebura. Gidan Bahaushe ne ya sauya. Babban gida mai sassa goma ya watse, ma'aurata sun koma sababbin unguwanni kowa da katangarsa da get ɗinsa. An mai da zaure shago, ciyayya ta ja baya, maƙwabci bai san abin da maƙwabcinsa ya ci ba. Matar gida ta yi karatu, tana koyarwa ko tana aikin asibiti, ta dawo a gajiye kamar yadda mijin ya dawo. Mutumin da ya rasa taron ƙofar gida dole ya nemi wani taron, kuma wannan karon da iyalinsa yake zuwa. Ni ban ga aibu a nan ba. Ganin uba yana yanka wa 'yarsa nama a faranti a gaban jama'a abu ne da kakana bai taɓa yi ba, ina kuma ganin da ya samu da ya ji daɗinsa.

Hanyar ba ta miƙe sumul ba. Bayan hare-haren da aka kai garin ranar 20 ga Janairun 2012 an sa dokar hana fita, dare ya mutu a Kano na tsawon lokaci, masu gashi da masu shayi da yawa suka karye, don sana'arsu ba ta rana ba ce. A farkon 2013 aka hana acaɓa, wanda shi ne ke kai masu saye ya dawo da su. A hankali gari ya farfaɗo, aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, titin Gidan Zu ya ƙara cika.

Abin da ke damuna a yau yana bakin ƙofa ne. A yawancin manyan wuraren nan mai gashi yana waje cikin hayaƙi, ɗan mahauta ne da ake biya a wata, mai wurin kuwa mai jari ne da bai taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba. Tukuba ta ba raga wuri, an ɗora waya a kan rabin duro ana gashi kai tsaye a kan gawayi saboda sauri. In layi ya yi tsawo ranar Asabar, sai a ƙara wuta, bayan naman ya ƙone cikinsa bai nuna ba, a rufe da yaji mai yawan magi. Yaran da ke koyo yanzu da yawansu ba su iya tara tukuba ba, ba kuma laifinsu ba ne, ba a ba su lokacin da gashin ke buƙata. Zan so masu wuraren nan su ɗauki mai gashi a matsayin gwani, su sa shi a cikin riba, su bar shi ya yi aikinsa yadda ya gada.

Cinikin cikin gida kuma bai mutu ba, waya ce ta maye gurbin farantin talla. Ƙanwata tana yin gurasa bandashe da dambun nama a gidan aurenta, tana sa hotuna a WhatsApp da Instagram. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan duk masu sayenta turo kuɗi suke yi ta banki, ɗan aike ya kai musu a babur ko a daidaita sahu. Ranar Asabar tun la'asar take fara karɓar saƙo, ƙarfe tara take rufewa, kuma 'yarta ba ta taɓa ɗaukar talla ba, tana aji biyu a babbar sakandare.