Gardamar da Ta Girmi Talabijin: Kano da Labaran Soyayya

Duk lokacin da aka fara haska sabon shiri mai dogon zango wanda ya haɗa soyayya da barkwanci, martanin jama'a yakan rabu biyu tun kafin mako ya zagayo. Masu kallo su yi ta yanko gutsattsarin shirin suna watsawa a WhatsApp da TikTok, suna jayayya kan saurayin da ya dace yarinya ta aura. Masu suka kuma su ce an zubar da kunya, an koya wa yara raina iyaye, an aro al'adar da ba tamu ba. Wanda ya bibiyi tarihi zai tarar cewa wannan gardama ta haura shekara saba'in a Kano. Na'urar kallo ce kawai take sauyawa.

An buɗe sinimar Rex a 1937 a wajen ganuwa, can inda baƙi suke zaune. Da aka gina sinimar Palace a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, malamai da dama sun nuna ƙin amincewa. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka, wasu sun fassara ta da cewa azaba ce. A wancan zamani sinima wurin maza ne, macen kirki ba ta zuwa. A cikin waɗannan gidaje ne finafinan Indiya suka samu gindin zama. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin dalili: Bahaushe ya ga duniyar da ta yi kama da tasa, inda iyaye ke zaɓa wa 'ya'ya abokin zama, saurayi talaka ke son 'yar mai kuɗi, masoya kuma ke bayyana abin da ke ransu da waƙa ba tare da sun keta haddi a fili ba.

Talabijin na gwamnati ya bi wata hanya dabam. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero sun sa Arewa dariya shekara da shekaru, amma dariyar a kan soja take, da ɗan ƙauye, da mai wayon banza. Soyayyar matasa ba ta da babban gurbi a ciki. Ke nan tun asali barkwanci da soyayya ɗaki dabam-dabam suke kwana a gidan wasan kwaikwayon Hausa.

Wurin da soyayya ta fara magana da Hausa da babbar murya shi ne littafi. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma a 1991. 'Yan mata da matan aure suka riƙa haya da aron waɗannan littattafai hannu zuwa hannu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su a shafukan jaridu, suna cewa sun sa dubban mata karatu, sun kuma fito da zancen auren dole da kishi da sakin wulaƙanci fili. Wannan musayar alƙalami ta shekarun 1990 tana cikin mafi armashin muhawarar adabi da aka yi a Arewa, domin ɓangarorin biyu sun karanta abin da suke jayayya a kai.

Kaset ɗin bidiyo ne ya rusa katangar da ke tsakanin sinima da cikin gida. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan Gimbiya Fatima. Zuwa 1999 Sangaya ya tabbatar da tsarin da ya mamaye kasuwa: saurayi, 'yan mata biyu, da waƙoƙi masu rawa. A shekarar ce aka fara buga mujallar Fim, kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Abin da ake hana mace fita ta gani ya iso har ɗakinta. Daga nan suka ta tashi daga shafin jarida ta koma hannun hukuma. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Daga baya a shekarar, bayan wani bidiyon waya da ya tayar da ƙura, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, kuma a zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim an ɗaure fitattun 'yan fim, har da sarkin barkwanci, marigayi Rabilu Musa Ibro. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai sun yi ca a kai.

Sa'ad da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, sana'ar ta koma talabijin da YouTube. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya a 2015. A nan ne ɗakunan nan biyu suka haɗe. Shirin da zai shekara yana tafiya ba zai rayu da hawaye kaɗai ba, dole a sirka da dariya. Rigimar Kamaye da Adama a Daɗin Kowa zaman aure ne ake wa dariya. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya mayar da attajirin tsoho mai yawan aure-aure da 'ya'yansa masu jiran gado abin nishaɗi. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya ajiye Baba Ɗan Audu a gefen tsaka-mai-wuyar da Sumayya ta shiga tsakanin masu sonta.

Wannan haɗin ne ke sa suka ta ƙara zafi. Fim ɗin soyayya na da yakan ƙare da sulhu, uba ya yafe, a ɗaura aure. Shirin yau yana ba matashi damar yi wa uba mai kwaɗayi ko miji marowaci dariya kowane mako, a falo ɗaya da su. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tun zamanin Palace ita ce: wa ke da ikon zaɓa wa yarinya miji, wa kuma aka yarda a yi wa dariya?

Abu na biyu da ya sauya shi ne bakin mai kallo. Da can sai dai ya aika wasiƙa mujalla ya jira wata guda. Yanzu kafin a gama haska kashi ɗaya, ra'ayoyi sun cika waya, kuma masu shiri suna gani yayin da suke shirya zango na gaba. Ficewar Nafisa Abdullahi daga Labarina a 2022 ta zama abin tattaunawa kamar wani al'amarin siyasa. Hukuma ma ba ta janye ba: a watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace kafin fitarwa ba.

Tsakanin masoyi da mai tacewa akwai kujerar da ta daɗe babu kowa a kai, wato ta manazarci. A gidajen ma'aikata irin na Badawa da Nassarawa GRA, ba wuya ka ji likita ko ma'aikacin banki yana cewa shi ba ya kallon fim ɗin Hausa, alhali ya san sunan kowane saurayin Sumayya. Wannan noƙewar ta masu ilimi tana da tsada. Idan ba a samu masu tambayar ko labari ya tsaya da ƙafarsa ba, ko an ja zango don neman kuɗin talla kawai, ko barkwancin ya dogara da wulaƙanta mai lalura ko bazawara, ko macen cikin labarin tana da wani buri bayan aure, to hukunci biyu ne kawai zai rage: yawan masu kallo da takardar dakatarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke koya wa marubuci gyara rubutunsa.

Malumfashi da abokan jayayyarsa sun bar misali: a karanta, a kalla har ƙarshe, sannan a yi magana da hujja da suna. Shirye-shiryen da 'ya'yanmu ke koyon zance da neman aure daga gare su sun cancanci irin wannan kulawa.