Tsara Manhaja da Duba Koyarwa a Matsayin Sana'a: Nazari a kan Anka da Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin aikin da ke buɗe ga malami mai son ƙwarewa a tsara manhaja da duba koyarwa, ta kuma auna su da halin da makarantun yammacin Zamfara, musamman na Anka da Gummi da Bukkuyum, suke ciki. An dogara ga manufofin ilimi na ƙasa da tarihin hukumomin da ke aiwatar da su. Nazarin ya nuna cewa a Abuja ake rubuta manhaja, amma jami'in ƙaramar hukuma ne ke tabbatar da ta isa aji, don haka shi ya fi cancantar horo na musamman.

Gabatarwa

A 1949 Ralph Tyler, masanin ilimi ɗan Amurka, ya taƙaita aikin manhaja cikin tambayoyi huɗu: manufar koyarwa, abin da za a koyar, yadda za a jera shi, da yadda za a auna sakamako. A Nijeriya, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ne ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. A 1988 aka haɗe wasu cibiyoyi aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi, wato NERDC, mai hedikwata a Sheda da ke Abuja. Ita ce ta fitar da manhajar ilimin bai ɗaya ta shekara tara, bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato a 1999 da kafa dokarsa a 2004.

Matakan aiki

Aikin ya kasu mataki uku. A sama akwai jami'an bincike na NERDC da na Hukumar Ilimin Makiyaya da ke Kaduna, waɗanda ke rubuta manhaja da jagorar malamai, su kuma tantance littattafai. A tsakiya akwai Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha a Gusau, inda ake karkasa manhaja zuwa jadawalin darussa na kowane zango. A ƙasa kuma akwai Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da masu duba makarantu, waɗanda ke shiga aji su zauna, su duba shirin darasi da rajista, su yi wa malami gyara.

Tsanin hawan daga aji yake farawa. Shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema a koyarwa, kuma ana samun ta a Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau. Sai rajista da hukumar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993. Mai neman zurfafawa yakan yi digiri a fannin ilimi, sannan digiri na biyu a nazarin manhaja, a irin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Halin yammacin Zamfara

Abubuwa uku ne suka sa aikin matakin ƙaramar hukuma ya yi nauyi a wannan yanki. Na farko, gubar dalma da ta ɓulla a 2010 sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare na Anka, da 'Yar Galma ta Bukkuyum. Yara kimanin 400 suka rasu. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa saurin fahimta, don haka malamin irin waɗannan ƙauyuka yana buƙatar wanda zai nuna masa dabarun koyar da masu jinkirin ganewa.

Na biyu, matsalar 'yan bindiga. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana na jihar, kuma garin Anka ya karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira. Jadawalin darussa an gina shi ne bisa zaton zango uku cikakku. Idan yaro ya rasa zango guda, dole wani ya yanke shawarar abin da za a fifita da abin da za a jinkirta, kuma hedimasta shi kaɗai ba zai iya ba.

Na uku, yawancin yara sukan fara da makarantar allo ko Islamiyya. Haɗa karatun Alƙur'ani da lissafi da karatun boko aiki ne na mai tsara manhaja wanda ya san tsarin biyu, ya kuma iya shirya kayan koyarwa da Hausa.

Kammalawa

Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnatin jihar ta ayyana a 2023 dama ce ta gyara matakin ƙaramar hukuma. Maƙalar na ba da shawarar a riƙa naɗa masu duba makarantu bisa horo da jarrabawa, ba bisa daɗewa a aiki kawai ba. A kuma buɗe musu kwas na manhaja a Maru, a tanadar musu abin hawa da alawus, sannan a ba su hanyar isar da rahotonsu ga masu bitar manhaja a Gusau da Sheda.